Labbo da Kyanwar Inna Balaraba

Zamanin da jirgin ƙasa ke shigowa Kaura Namoda yana huci, ya kwashi gyaɗa da shanu ya juya, an yi wani mutum a bayan tasha ana ce masa Labbo. Ba wanda ya taɓa tantance ainihin sana'arsa. Ya yi dako, ya yi kamasho, ya sayar da rake har raken ya bushe a hannunsa. Amma sau ɗaya a rayuwarsa wani falke ya rasa mai raka masa shanu Ikko, ya ɗauki Labbo ya jefa a taragu, kuma tun daga ranar kunnen mutanen Kaura bai sake hutawa ba. In kaza ta yi tari, Labbo ya san dalili. In jaki ya yi tutsu, Labbo ya san maganinsa. Ko zancen tsadar gishiri aka ɗauko, sai ya lanƙwaso shi ya kawo kan taragun nan.

Shekarar da nake ba ku labari damina ta zo da faɗa. Ɗakin Sanusi tela ya rushe, ya koma raɓe a shagon wani da kekensa, ya rasa inda zai sa tantabarunsa. Shi kuma Muhtari direba motarsa ta zame a hanyar Shinkafi, ƙafa ta karye, aka nufi Moriki da shi wurin mai ɗori, mai ɗorin ya ce shi mutane yake ɗorawa, ba zai karɓi majinyaci da birinsa ba.

Da Labbo ya ji haka sai kansa ya ɗauki zafi. Ya nemo mai shela, aka zaga gari da ganga ana cewa duk wanda ɗakinsa ya faɗi, ko ciwo ya kwantar da shi, ko tafiya ta kama shi ba shiri, ya kai dabbarsa gidan Labbo, a riƙe masa amana har ya dawo. Bai nemi lada ba. Suna yake so, a riƙa ce masa Sarkin Amana, in ya ratso kasuwa a buɗa masa hanya.

Matarsa Mero tana tankaɗe ta ji shelar ta wuce ta ƙofar gida.

Ta ce, "Malam, akuya guda ta gagare ka bara."

Ya ce, "Wagga akuyar ba ta da tarbiyya tun daga gidansu."

Aka kawo tantabaru a akurki, aka kawo biri da igiya a ƙugu. Amana ta uku ita ce mai nauyi. Wata tsohuwa ce daga Zurmi, Inna Balaraba, 'yarta Lami tana jan ta da sanda, da kwando a ka. Yanar ido ta rufe wa tsohuwar gani shekara da shekaru, ga shi an samo mata wuri a asibitin ido a Kano, jirgin yau za su shiga. A cikin kwandon akwai kyanwa, sunanta Gimbiya. Tana 'yar mitsitsiya ta faɗo ɗakin Inna, bayan idon ya riga ya tafi, saboda haka Inna ba ta taɓa ganinta ba. Ta san taushin gashinta, ta san nauyinta a kan ƙafa, ta san kukanta na yunwa da na neman tsokana. Launi kuwa sai labari: kowa a Zurmi ya ce mata fara ce fat, ko ɗigo babu.

Inna ta lalubo hannun Labbo ta riƙe. Ta ce, "Ɗana, ba don ganin mutane za ni bari a sa mini wuƙa ga ido ba. Mutane na gan su, na ƙoshi. Gimbiya nika son gani. An ce hwara ta kamar auduga. In gan ta sau guda, in Allah ya so ya ɗauke ni bayan nan, ban da ƙorahi."

Wani mai hankali da ya ji wannan magana jikinsa zai yi sanyi. Labbo ƙirji ya buga.

Ya ce, "Inna, taragu guda cike da shanu nik kai Ikko, ko wutsiya ba ta ɓace ba. Mussa guda mi ta?"

Jirgi ya tashi da su. Kafin hayaƙinsa ya baje, gidan Labbo ya koma fagen fama. Gimbiya ta kwanta a gaban akurki tana kallon tantabaru irin kallon da ba na zumunci ba. Biri ya lallaɓo ya ja mata wutsiya, ta juyo ta zabga masa mari, shi kuma don ya huce ya zare sakatar akurki. Tantabaru suka fito suka sauka kan geron da Mero ta shanya, Gimbiya ta bi su, biri ya bi Gimbiya, Labbo ya bi biri, ya taka igiyar, ya zube cikin turmi. Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi. Maƙwabcinsu Na'Allah marini har wani tsohon turmi ya jawo jikin katanga, yana hawa yana kallo in aiki ya yi sauƙi.

Yakan ce, "Sarkin Amana, ina gajiya?"

Labbo yakan ce, "Ba gajiya. Sabo suka yi."

Rannan Labbo ya zauna gindin ɗurumi yana cire ƙaiƙayi daga gemu, sai asirin abin ya faɗo masa gaba ɗaya. Ya miƙe ya shiga gida da sauri.

Ya ce, "Mero, na gano. Shanun da nik kai Ikko, kin san mi ya hana su hwaɗa? Hwarhwaru na duka. Kowace ta dubi 'yar'uwatta ta ga kanta. Waɗanga kuwa dubi: mussa hwara, biri ja, tantabaru kowace da irin rigatta. Yaya za su san gida guda suke? A mai da su launi guda, a ga wanda za ya taɓa wani."

Gaskiyar magana, shanun nan an cusa su ne har ba mai iya juya wuya, kuma ƙahonsu a ɗaure yake. Amma wannan ɓangaren Labbo ya daɗe da mantawa.

Mero ta ajiye rariya. Ta ce, "Malam, amanar mutane ta."

Ya ce, "Don amanar nika yi. Ke dai riƙe mini biri."

Ta ce, "Wanda ya yi shela shi ka riƙon biri."

Ya ɗauki babbar tukunya ya nufi marina. Na'Allah yana tsugune bakin rami yana juya baba.

Labbo ya ce, "A cika mini wagga."

"Mi za ka rina? In zane na, kawo in tsoma maka."

"Sirrin sana'a na."

"Wace daga cikin sana'o'in?"

"Wadda za ka ji labarinta har Gusau."

Na'Allah ya dube shi, ya dubi tukunya, ya cika masa ita da baba mai kyau, wanda yake ajiye wa rawunan manya. Marina wuri ne mai kaɗaici, mutum yana bukatar abin kallo.

Da tantabaru aka fara. Labbo ya riƙa tsoma su ɗaya bayan ɗaya, suna fitowa kore-kore, iska na bugun su suna rikiɗewa shuɗi, kamar yadda kowane tsumma ke yi a marina. Labbo ya ce wannan alama ce maganin ya kama jini. Biri bai jira gayya ba, da kansa ya faɗa tukunya ya zauna, yana ɗiban ruwan yana zuba wa kansa, sai da aka jawo shi da ƙarfi. Gimbiya ce ta ƙi. Abin da ya gudana tsakaninta da Labbo a bayan rumbu ba wanda ya gani, sai dai an ji, har masu sallar la'asar a masallacin unguwa. Da suka fito, kyanwa shuɗiya ce tun daga hanci har wutsiya. Labbo ma haka, gemu da hannuwa da gaban riga, ga hannun rigar ya zama zare.

Abin mamaki, sai gidan ya yi tsit. Kowace dabba ta koma lungu tana ɗigar da ruwa, tana tunanin abin da ya same ta. Labbo ya fita da gudu ya tara unguwa.

Ya ce, "Ku shigo ku ga ilimi. Mussa ga tantabara, tantabara ga mussa, ba mai ɗaga wa wani murya."

Mutane suka cika tsakar gida, wasu a kan katanga. Labbo ya ɗauko tantabara guda ya ajiye a gaban hancin Gimbiya don hujja ta cika. Gimbiya ta dube ta. Ashe ita ba ruwanta da launin abinci. Tsalle ɗaya ta yi, tantabarar ta sha da ƙyar ta bar mata jela a baki, sauran suka tashi fir suka haye katanga. Biri ya ga kowa ya kama gabansa, ya tsinke igiya ya bi ta kan kawunan 'yan kallo, yana bar wa kowace hula shaida.

Ranar kasuwa ce. Birin ya fara da rumfar masu alawayyo, ya bi kan farin yadi da tafin hannu da na ƙafa tun daga wannan baki har wancan. Ya tsoma hannu a ƙwaryar wata mai nono, nonon ya koma launin da ba a taɓa shan fura da shi ba. Ya rungumi wani mahauci, ya sumbaci jakin wani. Labbo na biye yana haki yana cewa a kwantar da hankali, horo ne bai ƙare ba. Sai da wata mai ƙosai ta kifa wa birin kwando aka kama shi.

Tantabaru kuwa rufin tasha suka zaɓa. Kafin mako ya zagayo har daga Birnin Tsaba ana zuwa kallon shuɗɗan tsuntsaye, wasu na cewa daga Makka suka taso, wasu na cewa alamar ruwa ne mai yawa. Sanusi tela ma ya zo kallo cikin jama'a. Yana tsaye ya yi fito irin wanda ya saba, don nishaɗi kawai, sai ga tsuntsayen Makka sun sauko sun jeru a kafaɗarsa.

Ya tarar da Labbo a ƙofar gida. Ya ce, "Malam Labbo, waɗanga nawa na?"

"Naka na. Ka gode mini daga baya."

"In gode maka?"

"Da wa ya san su? Yanzu har daga ƙauye aka zuwa gaishe su."

Sanusi ya juya da tantabarunsa suna bin sa. Kafaɗun rigarsa sun riga sun yi shuɗi.

Duk wannan bai taɓa zuciyar Labbo ba. Abin da ya taɓa ta shi ne saƙon da wani fasinja ya kawo, cewa an yi wa Inna Balaraba aiki lafiya, suna cikin jirgi mai zuwa.

Mero ta ce, "Malam, mi tsohuwar nan ta ce tana son gani?"

Labbo ya dubi Gimbiya a kan rumbu, shuɗiya kamar sabon rawani. Sai ya miƙe ya ɗebo ruwa a tulu.

Aka shiga wanki. Aka sa sabulun salo, aka sa tsamiya, aka sa kanwa, aka sa lemun tsami. Kowane wanki sai ya ci wa Labbo wani yanki na fata, kyanwa kuwa sai ƙara sheƙi take. Ya leƙa ta katanga ya kira Na'Allah.

"Mi ka hidda baba?"

Na'Allah ya ce, "Nawa? Ba a yi shi ba tukuna. Da yana zuba wa za ya kawo mini rini?"

Labbo ya ce zai nemo wata farar kyanwa. Mero ta ce tsohuwar da ta san nauyin tata a kan ƙafa ba za a yi mata musanya ba. Sai safiyar zuwan jirgi dabara ta ƙarshe ta zo masa. Ya kwaɓa farar ƙasa irin ta shafen ɗaki, ya shafe Gimbiya tas, ya bi da garin alli, ya sa ta a rana ta bushe. Ta yi fari kam, irin farin bango. In ta motsa sai ƙura ta tashi.

Ya ce, "Sabon ido na, bai san kan abubuwa ba tukuna."

Ya ɗauki kwando, ya ɗaura igiyar biri a ƙugunsa, don Mero ta rantse ba za a bar ta da shi ba. Rabin Kaura ya bi shi tasha, ba don tarbar kowa ba.

Jirgi ya tsaya. Lami ta sauko da uwarta a hankali, an rufe mata fuska da mayafi saboda hasken rana. Ta zaunar da ita kan wani buhun gyaɗa. Ta gaya wa mutane cewa idon ya buɗe, yana ƙara washewa kullum, sai dai likita ya yi gargaɗi: in ta ga abu yana yi mata duhu, ko fari yana sauya launi, to aikin ya ɓaci, su koma da gaggawa.

Inna ta ce, "Ina ɗan nan mai amana? Kawo mini ita."

Ta yaye mayafi, ta gyara wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Labbo ya ɗora mata kyanwa a cinya. Gimbiya ta ji ƙanshin uwargijiyarta, ta yi wani ɗan kuka, ta cusa kai cikin tafinta. Fuskar tsohuwar ta buɗe da murna har mutane suka kau da ido don kunya.

Ta ce, "Hwara ta. Wallahi hwara ta."

Ta shafa bayanta. Inda hannun ya bi, farin ya tafi. Ta sake shafawa, shuɗi ya ƙara fitowa. Murmushin ya tsaya. Ta ɗaga kai don ta gwada idon a kan wani abu, sai ya sauka kan rufin tasha, inda tantabarun Sanusi suka koma shan iska. Ta sauke shi kan biri. Ta mai da shi kan gemun Labbo.

A hankali ta ce, "Lami, ya ɓaci. Komi shuɗi nika gani. Gabana ta yi duhu ina kallo."

Hawaye suka gangaro ta ƙarƙashin tabarau. Ba ta yi kururuwa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Masu dariya duk suka haɗiye ta.

Lami ta duba da kyau ta ce, "Inna, ba idonki ba na. Ni ma shuɗiya nika ganinta."

Na'Allah ya matso ya ce, "Gaskiya ta, Inna. Rina ta anka yi."

Tsohuwar ta girgiza kai. "Allah shi yi muku albarka, rarrashina kuka yi. Wa ka rina mussa? Da tantabaru? Da biri? Ku bar ni. Lami, tashe ni, mu koma tun jirgin bai juya ba."

Idanu suka koma kan Labbo. Shi kuwa ya duƙufa yana gyaran igiyar biri, kamar wanda aka aiko daga wani gari. Kalma ɗaya ce za ta tsayar da tsohuwar, amma kalmar za ta tafi da sarautarsa a gaban rabin Kaura, sai ya riƙe ta a baki. Inna ta miƙe da kyanwa a ƙirji, ta fara takawa wajen taragu.

Tana tafiya tana cewa, "Ko da an yi wawan da za ya so, ba a yi namijin da za ya iya ba. Gimbiya ko yayyahi ba ta yarda shi taɓa ta. Duk ƙasar ga babu mai riƙe ta shi tsoma ga ruwa."

Nan ne aka taɓa Labbo inda ba ya jurewa. Tausayi bai buɗe bakinsa ba, kunya ba ta buɗe shi ba, amma a ce akwai abin da ba mai iyawa yana tsaye a wurin?

Ya ce, "Babu wa? Inna, tsaya. Ni nir rina ta. Ni ɗaya, ba mai taya ni, har sau biyu nit tsoma ta don shi ci da kyau. Tambayi kowa."

Ya sha gabanta, ya naɗe ragowar hannun riga, ya miƙa mata damatsansa kusa da tabarau. Tun daga wuyan hannu har gwiwa ba inda farce bai bi ba.

Inna ta tsaya. Ta kama hannun ta jawo shi kusa. Ta bi wani siririn layi da yatsa.

"Wanga ja na?"

"Ja na, Inna."

"Wanga ƙaramin na kusa da shi, ya hwara warkewa?"

"Na shekaranjiya na. Ranar tsamiya."

Ta saki hannun. Ta koma kan buhun ta zauna, ta kwantar da Gimbiya, ta sa yatsu biyu ta buɗa gashin wuyanta. Can ƙasa, jikin fata, sabon gashi ya fara tsirowa, fari fat. Ta daɗe tana kallonsa. Jirgi ya yi kuka zai juya, ba ta ko ɗaga kai ba. Tana dariya, hawaye na zuba, tana buɗa wani wurin tana sake dubawa.

Labbo ya ga iska ta sauya, ya gyara tsayuwa ya dubi jama'a.

Ya ce, "Kun gani? Da gangan nib bar ƙasan. Wani gwaji na da likitoci ba su sani ba. In ba don ni ba, yaya za ta tabbata..."

Inna ta miƙa hannu, Lami ta sa mata sandarta. Labbo ya goce hagu, sandar ta same shi. Ya goce dama, ta same shi. Ya faɗa bayan buhunan gyaɗa da biri a ƙugu, ta zagaya ta same shi a can, a tsakiyar kai, daidai inda hula ta zame. Ko sau ɗaya ba ta kuskure ba.

Lami ta share ido da bakin mayafi. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Aiki ya yi kyau."